Neman Asali: Aikin Da Ba A Gama Shi Rana Ɗaya



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni dama in yi magana a kan abin da na daɗe ina yi a lokacin hutuna, wato bin diddigin asalin gida. Da farko ina roƙon kowa ya yi wani ɗan lissafi a zuci. Faɗi sunan mahaifinka, da na kakanka, da na wanda ya haifi kakanka. Da yawanmu za su kai nan. To, koma ɗakin uwa: wa ya haifi kakarka, kuma a wane gari? Nan fa ake yin shiru. Kowannenmu yana da kakanni 4, iyayensu 8, na sama da su 16. Wanda ya iya kawo sunan rabin 16 ɗin nan a wannan ɗaki, ya cancanci a tafa masa.

Abin da ya sa aikin ke da wuya a wurinmu, mu ba mu da sunan gida guda da ake gado kaka da kakanni. Ɗa yana ɗaukar sunan ubansa, jika kuma ya ɗauki na nasa uban, sunan kaka ya faɗi. Makarantar boko ta ƙara nata, domin an riƙa rubuta yaro da sunan garinsu, shi ya sa muka san Malam Aminu Kano, da Sa'adu Zungur, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa da sunayen garuruwa. Ga kuma alkunya: mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai laƙabi. Mutum sai ya tsufa ana kiransa Ɗanladi ko Tanko, jikokinsa ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. Rajistar haihuwa kuwa sai daga baya aka kafa dokar da ta tilasta ta a duk faɗin Nijeriya, kuma dukanmu mun san yadda ake samun takardar rantsuwar shekaru. Saboda haka yawancin tarihin gidajenmu yana cikin kawunan tsofaffi, kuma kowace shekara muna raka wasunsu makwanci.

Don haka da tsofaffi ake farawa, musamman mata. Su ne suka san wa ya auri wa, wa aka ba riƙo, wa ya sha nonon wa. Misali a nan shi ne Baba ta Karo, wata tsohuwa da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta labarinta. Littafin ya fito a 1954, kuma har yau masana suna komawa gare shi don sanin yadda aure da zumunci da bauta suke kafin zuwan Turawa. Baba ba ta yi boko ba, abin da ta samu shi ne wadda ta zauna ta saurare ta. In za ka je wajen gwaggo ko inna, ka tafi da goro da turare, ka zauna a tabarma, kada ka yi mata tambaya irin ta ɗan sanda. Ka nemi izininta ka ɗauki muryarta a wayarka, ka bar ta ta yi ta zagaye, domin sau da yawa a cikin zagayen ne sunan da kake nema zai faɗo. Kada kuma ka raina marokin gidanku da wanzaminku. Maroƙi yana riƙe da jerin sunaye a cikin kirari, wanzami kuwa ya san ma'anar zanen da ke fuskar kakanku.

Tsoho ba zai ba ka shekara da lamba ba, zai ba ka abin da ya faru, kai ne za ka mayar da shi lamba. In aka ce an haifi wane shekarar da Nasara suka ci Kano, 1903 ke nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba ta auku a 1913 zuwa 1914, babbar annobar mura a 1918, yunwar 'Yar Buhu a 1927, 'Yar Gusau a 1942, zuwan Sarauniyar Ingila kuwa a 1956. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne: a Kano, Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. Kowa ya tanadi irin wannan jeri na masarautarsu. In kuwa ka tarar da shekarar Hijira, ka tuna shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, kuma 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882, 1350 kuma a 1931.

Bayan baki sai takarda. A gidajen malamai akan tarar an rubuta haihuwa da rasuwa da Larabci ko ajami a gefen tsofaffin littattafai. A cikin adaka akwai takardar cinikin gona, da rasidin haraji, da tsohon fasfon hajji, da takardar sallamar soja ta waɗanda suka je yaƙin Bama. In ka gama da na gida, sai ka nufi Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka adana rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta lokacin da suke zagaya gundumomi don yanka haraji. A ciki sukan kawo tarihin ƙauyuka, da jerin dagatai, da ƙabilun da ke zaune. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai a karanta rahoton Bature da lura, domin ta bakin tafinta ya ji, kuma wanda ke kusa da hakimi ne ya ba shi labari.

Binciken zai iya fitar da kai waje. Kakanninmu matafiya ne. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja har Salaga, wasu suka zauna a zangon Kumasi da na Ankara. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru sun ci gaba da tafiya gabas, zuriyarsu tana garin Mai Wurno a ƙasar Sudan. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, ta raba gidaje da dama biyu. Kawun da aka ce ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba, mai yiwuwa jikokinsa suna nan da ransu, kuma yanzu wayar hannu ta sauƙaƙa neman su.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Kusan kowane gida in ka tambaya, daga Gabas suka zo, ko kuwa kakansu sarki ne ko babban malami. To, in kowa jikan sarki ne, wa ya haifi manoma da maƙera da mahauta da majema? Mai bincike zai tarar da abin da bai zata ba: kakar da aka kamo a yaƙi, ko ɗan riƙo da aka ɗauka ɗan gida ne, ko 'yan'uwan da rabon gado ya raba har abada. A ganina hakkinsa ne ya rubuta abin da ya samu yadda ya same shi, ya nuna wanda ya faɗa masa da ranar da aka faɗa. In ruwaya biyu suka saɓa, ya rubuta duka biyun. Littafin da Paul Lovejoy ya wallafa a 1980 a kan fataucin goro ya nuna cewa Agalawa baƙi ne da suka gangaro daga ƙasashen Abzinawa, ba da dukiya ko sarauta suka zo ba, amma suka zama manyan attajiran Kano. Irin wannan labari ya fi na ƙarya amfani ga 'ya'yanmu. Amma rubutawa daban, yaɗawa daban. Sirrin da zai kunyata mai rai ko ya tada husuma, a adana shi cikin littafi, kada a kai shi dandalin WhatsApp na dangi.

Wannan aiki ba ya son gaggawa, kuma ba shi da ranar gamawa. Littafi guda mai kauri ya isa, kowane mutum da shafinsa. Duk suna, duk ɗaurin aure, duk rasuwa, a ƙara layi. Zaman makoki da bikin aure su ne lokacin da dangi na nesa ke haɗuwa, sai a tafi da alƙalami. A ɗauki hoton kowace tsohuwar takarda, a rubuta sunayen mutane a bayan tsofaffin hotuna tun masu gane su suna raye, a ajiye kwafi a gida biyu ko uku saboda gobara da gara. Muryar da aka ɗauka a waya a juye ta wani wuri, a kuma rubuta ta a takarda, don waya tana ɓata. Sa'an nan a jawo yaro guda mai sha'awa a riƙa tafiya da shi, shi ne zai karɓi littafin.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga wannan ƙungiya. Rajistar shiga makarantarmu tana ɗauke da sunan kowane ɗalibi, da na mahaifinsa, da garinsu, da shekarar da ya shigo. Nan gaba jikokinmu za su zo nemanta. Ina ba da shawara a kafa ɗan kwamiti da zai nemi izinin hukumar makaranta ya ɗauki hoton kowane shafi, a kuma zauna da malamanmu da suka manyanta a ɗauki tarihinsu daga bakinsu. Kowannenmu kuma ya zaɓi tsoho guda a danginsu ya ziyarce shi kafin wannan wata ya ƙare. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.