Makaman Ɗan Takara a Fagen Muhawara



Da ɗan takarar shugaban ƙasa da nake goyon baya zai nemi shawarata kafin muhawara, abu uku zan faɗa masa, hujjata kuwa daga tarihin Amurka.

Na farko, ya kula da kamanninsa. A 1960 Nixon ya fuskanci Kennedy a talabijin bai daɗe da tashi daga jinya ba, duk ya rame, yana gumi. Har yau fuskar nan ake tunawa.

Na biyu, ya auna harshensa, domin magana zarar bunu ce. A 1976 Ford ya ce Tarayyar Sobiyat ba ta danne Gabashin Turai ba. Kwanaki ya yi yana gyara maganar, ya kuma faɗi zaɓe.

Na uku, ya bar wa jama'a tambaya guda. A 1980 Reagan ya tambayi masu ƙuri'a ko zamansu ya fi na shekara huɗu baya daɗi. Bayan mako guda ya kayar da Carter.

Watau dai, alƙalin muhawara shi ne mai ƙuri'a da ke zaune a gida. Da shi za a yi magana.