Daƙiƙa biyu a Cleveland: jawabi kan horon ƴan sanda da harbin kisa



Ranar 22 ga watan Nuwamba 2014, a birnin Cleveland na Amurka, wani mutum ya buga wa ƴan sanda waya cewa ga wani yana nuna bindiga a filin wasa. Ya ƙara da cewa mai yiwuwa bindigar ta wasa ce, mai riƙe da ita kuma yaro ne, amma wannan ƙarin bayani bai kai kunnen jami'an da aka tura ba. Direbansu ya bi da mota ta kan ciyawa har gab da Tamir Rice, ɗan shekara 12. Cikin daƙiƙa biyu abokin aikinsa Timothy Loehmann ya harbe yaron, washegari ya cika.

Masu kare jami'in sun ce bai samu lokacin tunani ba. Suna da madogara, domin tun 1989, a shari'ar Graham da Connor, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a riƙa la'akari da cewa ɗan sanda yakan yanke shawara cikin ƙiftawar ido. To, amma wa ya cinye lokacin? Da an tsayar da motar daga nesa, an fake bayanta, an yi wa yaron magana, da daƙiƙa biyun nan sun zama mintoci.

Nan ne horo yake da rauni. Binciken da ƙungiyar PERF ta yi a 2015 ya nuna kurtu yana samun kimanin awa 58 na koyon harbi, awa 8 kacal na koyon kwantar da rikici. Wanda hannunsa ya saba da kunamar bindiga, ita zai lalubo in tsoro ya kama shi. A Norway da Finland kuwa, shekara 3 ake yi ana karatun aikin.

Ƙungiyar ta fito da horon da ake kira ICAT, mai koyar da ja baya, neman mafaka da sayen lokaci, musamman gaban wanda ba ya riƙe da bindiga. Da aka gwada shi a Louisville, masu bincike na Jami'ar Cincinnati suka bayyana a 2020 cewa amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100, raunukan ƴan sandan kansu da kashi 36.

Sai dai horo ba ya gyara ɗaukar aiki na ganganci. Tun 2012 shugabannin Loehmann a garin Independence suka rubuta cewa bai dace da aikin ba, Cleveland ta ɗauke shi ba tare da karanta takardunsa ba. Ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. A 2016 birnin ya amince zai biya iyalan Tamir dala milyan 6, a 2017 kuma aka kori jami'in saboda ƙaryar da ya yi a takardar neman aiki.