Jawabin Yaye Matasa Masu Binciken Zamantakewa a Madawa

Mai girma Perefe, masu martaba sarakuna, malamai, iyaye, da ku 'ya'yanmu na Madawa da Buza da Keita da muke yayewa yau.

Kun koyi auna tsare-tsaren da gwamnati ke yi don tallafa wa talaka. Roƙona gare ku ɗaya ne: in doka ta fito daga Yamai, ku bi sawunta da ƙafa har inda ta sauka.

A 2006, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka ce yaron da bai kai shekara 5 ba a duba shi kyauta, haka ma awon ciki. Mata sun ƙara kawo yara asibiti, rayuka sun tsira, kada kowa ya raina wannan. Sai dai tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, ya aika takardun kuɗi, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa jinkiri, watanni suka zama shekaru, bashi ya taru. Majo, shugaban asibiti, ya rasa kuɗin sayo magani, ɗakin magani ya bushe. Uwa ta fito goye da yaro jikinsa rau da zazzaɓi, takardar magani a hannunta, tana lissafin wace akuya za a kai kasuwa. A cikin rajista kuwa an rubuta an duba shi kyauta. Wanda ya tsaya ga rajista zai ce an gama aiki. Ku dai ku bi matar nan har gida, ku ji nawa ta kashe, kuma a wurin wa ta ranta.

Haka tallafin da aka fara a 2011 tare da Bankin Duniya, jika 10 duk wata a hannun mata. Ku tambaya: wa ya rubuta sunaye, wa aka tsallake? Masu bincike na cibiyar LASDEL sun tarar a wasu ƙauyuka ana sake raba irin wannan kuɗi tsakanin gidaje don a zauna lafiya. Wannan ma sakamako ne, ku rubuta shi.

'Yan Keita, iyayenku mata ne suka ɗauki duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa da ya fara a 1984, ana biyansu da abinci, maza suna ci-rani. Suna nan da ransu, ku je ku tambaye su me ya ɗore bayan an daina rabon.

Ku taso ku karɓi takardunku. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ƙarfin faɗin abin da kuka gani.