Jawabi ga Rassan Kiyeshe a kan Ruwan Ƙofar Gida

'Yan'uwa na Kiyeshe da kewaye, damina ta sauka, mun kuwa san abin da ke bin bayanta, wato masassara. A nan Dallol Mawri, inda duk ruwa ya kwanta sai ya daɗe. Sauron da ke kawo masassara ba sai ya sami babban tabki ba. Ramin da muka haƙa don tubali ya ishe shi, haka fasasshen tulu a bayan ɗaki, har sawun kofaton saniya a bakin rijiya. Ƙwan da ya zuba yau, cikin kwana 10 ya yi fiffike.

Ƙuda kuwa gidansa juji da kashin dabbobi. Daga can yake sauka kan furar yara, ya bar musu gudawa.

Tun 2013 ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi da damina. Kada a ɓoye yaro ko ɗaya. Amma babu ma'aikacin da zai taso daga Dogon Dutsi ya cike mana rami. Kowane reshe ya fito da samarinsa duk mako, da kwando da shebur. Iyayenmu mata su kife tukwane, su rufe randa. Juji a fid da shi gona.