Fargabar Mai Cikin Fari

Jawabin wata malamar asibiti ga matan ajin yaƙi da jahilci

Maganata ta yau a kan yarinya mai cikin fari ce.

Kun san al'adarmu. Mai cikin fari ba ta faɗin ciki, ba ta kukan ciwo, ko sunan ɗan fari ba ta kira. Kunya ce. To amma kunyar nan takan rufe tsoro. Sai yarinya ta kwana tana saƙe-saƙe: Zan sauka lafiya? Za a yi mini aiki? Nono zai zo? Mu kuma manya sai mu zauna gabanta muna labarin wance da ta rasu wajen haihuwa. Don Allah mu bari.

Abin ba ƙarami ba ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 5 kan gamu da ciwon damuwa ko makamancinsa lokacin ciki ko a shekarar farko bayan haihuwa.

Kwana 3 ko 4 da haihuwa, mai jego kan yi kuka ba dalili. Sinadaran da suka riƙe cikin ne suka ragu a jininta, ga gajiya. Wannan yakan wuce cikin mako 2. Ku karɓi jinjirin ta yi barci, a rage mata 'yan barka.

Idan ya zarce mako 2 fa? Ba ta barci ko da jinjiri ya yi barci, gabanta na ta faɗuwa, tana ta duba numfashinsa, abinci ya fita ranta. Wannan ba raki ba ne, ba kuma iskokai ba. A kai ta asibiti. Akwai magani, har wanda mai shayarwa za ta iya sha. In kuwa ta fara sambatu, ko ta ce za ta cuci kanta ko jinjirin, a tafi ranar, kada a bar ta ita kaɗai.

Ku lura kuma, faɗuwar gaba tare da haki da kumburin ƙafa na iya zama ƙarancin jini ko ciwon zuciya. Yawan kanwa a kunun jego yana ƙara wa zuciya nauyi.

Ranar awo, uwa ko uwar miji ta raka ta, amma in an shiga ɗakin malama ta tsaya waje. Yarinya ba ta buɗe baki gaban surukarta.