Jiƙa Nama da Kayan Gida: Jawabi ga 'Yan'uwa Mazauna Birane



An ba ni damar zaɓen abin da zan yi magana a kai, ni kuwa na zaɓi tukunya, domin a can ne tattalin gida yake farawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da dama sun rage naman da suke saye. Duk da haka, sai ka tarar ana kashe kuɗin da ya rage wajen sayen kayan ɗanɗano na leda da na kwalba, alhali abin da iyayenmu suka yi amfani da shi yana nan a kasuwa da araha.

Ku dubi mai kilishi. Labun da yake tsoma nama a ciki tunkuza ce da albasa da citta da kanumfari da masoro da barkono da gishiri. Babu ko ɗaya da ya gagari uwargida.

Haɗin jiƙa nama yana bukatar abu huɗu. Na farko gishiri, wanda shi ne yake ratsa nama har ciki. Na biyu abu mai tsami, kamar lemun tsami ko ruwan tsamiya ko nono, wanda yake tausasa bayan nama. Na uku mai, domin shi yake riƙe ƙamshi. Na huɗu kayan yaji. Ga rabin kilon nama, a daka albasa ɗaya da tafarnuwa sala uku da ɗan guntun citta da daddawa kaɗan, a zuba garin ƙuli-ƙuli cokali biyu, man gyaɗa cokali ɗaya, ruwan lemun tsami ɗaya, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A yanka naman ƙanana ko a tsattsaga shi kafin a cuɗa, domin haɗin ba ya nitsewa sosai.

Idan naman tsohuwar dabba ne, a murza ganyen gwanda a naɗe shi a ciki na kamar awa ɗaya. Gwanda tana da sinadarin da yake karya taurin nama.

Sai gargaɗi guda uku. Kifi kada ya wuce rabin awa a cikin tsami, in ba haka ba zai ruguje. Naman da zai kwana sai a cikin firiji. Idan babu wuta, kada ya wuce awa biyu a waje, lokacin bazara kuwa awa ɗaya. Ruwan da ɗanyen nama ya zauna a ciki kuma ba a ɗiga shi a kan abinci sai an tafasa shi.

Akwai ribar lafiya ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babban mutum da kada gishirinsa ya kai giram 5 a yini. Mai haɗa nasa ya san abin da ya zuba.

'Yan'uwa, idan kun zo gida hutun Sallah, ku sayi ƙuli-ƙuli da daddawa a hannun matan garinmu. Kun sami sauƙi, su ma sun sami ciniki. Ku kuma zaunar da 'ya'yanku, maza da mata, kusa da turmi su koya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.