GIDA MAI SANYI, MURHU MAI TATTALI: JAWABI GA MANOMA DA MAKIYAYAN JAZIRA DA NILUL AZRAK

 

Maganar da ta tara mu a yau magana ce ta cikin gida: ɗakin da muke kwana, da murhun da ake dafa mana tuwo. Wani zai ce mene ne haɗin makiyayi da wannan? Haɗin kuwa shi ne itace. Itacen da ke shiga murhu, da wanda ake ɗorawa a kan rufi, daga dajin da dabbobinmu ke kiwo yake fitowa.

Tun da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogi kudu da Sinnar, iyayenmu suke zaune a wannan ƙasa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, wasu suka ƙara zuwa, suka zauna a ƙauyuka da kanabi. Sun tarar da daji wadatacce: bagaruwa a bakin kogi, dushe da ɗakwara a fako, ga aduwa da gawo. Daga baya manyan gonakin tarakta suka share fili mai yawa, musamman bayan dokar ƙasa ta 1970, masu toya gawayi kuma suka bi baya suna loda motoci zuwa Wad Madani da Hartum. Da matatar mai ta Jaili ta fara aiki a 2000, gas ya wadata, gidaje da dama suka huta da hayaƙi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da matatar, ya yanke hanyoyi, jama'a suka koma kan gatari. Kafin wannan ma, rikicin 2022 a yankin Rosairis da Wad al-Mahi ya ƙona gidaje masu yawa, ya raba dubban mutane da muhallinsu. Ke nan akwai gini mai yawa a gabanmu, kuma Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Abin da aka gina da garaje bana, shi za a yi shekara ashirin ana zufa a cikinsa.

Na farko, murhu. Murhun duwatsu uku, wato ladaya, ɓarnarsa ta fi aikinsa. Abin da ke isa tukunya daga zafin itacen bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura iska ke kwashewa. Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi. A kwaɓa yumɓu da kashin jaki, a bar shi ya kwana biyu ko uku, a gina murhu daidai girman tukunyar gidan, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace, da 'yar tazara kamar kaurin yatsa tsakanin tukunya da bango don wuta ta lashi gefenta. Matan sansanonin Darfur sun daɗe suna yin irinsa, suna koya wa juna. Idan an gina shi daidai, itacen da ake ƙonawa yakan ragu da sulusi ko fiye. A haɗa da busasshen itace, da rufe tukunya, da jiƙa wake tun dare. Mai amfani da gawayi kuma ya nemi kanun mai yumɓu a ciki, domin na ƙarfe zalla ta jikinsa zafi ke tsiyayewa. Mu tuna cewa kilo ɗaya na gawayi yakan cinye kilo 5 zuwa 7 na itace a wurin toyi. Buhun da aka rage a gida, bishiya ce aka bar wa akuya da raƙumi.

Ban da haka akwai lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum sama da miliyan 3 a shekarar 2020. Mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa. Saboda haka madafa ta kasance a ƙarƙashin rakuba, ko a yi mata taga biyu masu fuskantar juna.

Na biyu, rufi. Kwano ya shiga ran mutane domin ba ya yoyo, gara ba ta cinsa, kuma ana ganinsa alamar samu. Amma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin kwano tanderu ne, tsofaffi da jarirai su ke shan wahalarsa. Wanda ya riga ya sa kwano ba sai ya cire ba. Ya yi masa rufin ciki da zana ko tabarmar kaba, ya bar tazarar taƙi ɗaya ko biyu tsakaninsu. Ya bar 'yan kafofi a saman bango, ya sa musu raga, domin iska mai zafi sama take tashi, idan ta sami hanya sai ta fice. Ya kuma shafa wa kwanon farar ƙasa ko farin fenti ta waje, tun da fari mayar da hasken rana yake yi.

Na uku, bango da fuskar ɗaki. Katangar ƙasa mai kauri, ko ta jalus ko ta tubali, tana shan zafin rana a hankali, ba ta sako shi ciki sai dare ya yi. Bulo na siminti mai siririn jiki ba ya wannan. Jan bulo kuwa, kowa ya ga yawan itace da kashin shanu da ake zubawa a kamayin da ke bakin kogi kafin ya toyu. Shawararmu ita ce a sa jan bulo ko dutse a tushe kawai, har ya ɗan haura ƙasa, sama kuma a tafi da ƙasa, a riƙa sabunta yaɓen zibala kafin damina. Baƙar ƙasar Jazira kumbura take yi da damina, ta tsattsage da rani, ita ke fasa bango. Don haka a zurfafa tushe, a tsawaita indararo, a gyara gangare kada ruwa ya kwanta a gindin gini. Doguwar fuskar ɗaki ta dubi arewa da kudu, a sa tagogi a can, domin iskar rani daga arewa take zuwa, ta damina daga kudu, rana kuwa gabas da yamma ta fi duka. Bangon yamma a kare shi da rakuba, ko a dasa darbejiya nesa da shi kaɗan, kada saiwarta ta shanye damshin tushe.

Akwai kuma rufin ƙasa zalla, ba azara ba katako. Wannan fasahar Nuba ce, ta bakin wannan kogi namu. Wani magini Bamisire, Hassan Fathi, ya farfaɗo da ita a shekarun 1940, aka kai ta Nijar wajen 1980, a Barkina Faso kuma wata ƙungiya ta kafu a kanta a 2000. Sai dai muna gargaɗi: nauyinta babba ne, a kan baƙar ƙasa kada kowa ya gwada sai da maginin da ya koya. Abin nema shi ne a tura samarinmu su koyo.

Na huɗu, abin da ke hannunmu. Karan auduga, wanda dama ake tuge shi a ƙona saboda cutar shuka, ana iya toya shi a dunƙula ya zama gawayi, idan an yi shawara da malaman gona. Ƙayar miskit da ta cinye magudanan ruwa, wadda gwamnati ta ba da umarnin kawar da ita tun 1995, ita ya kamata gatari ya nufa, a bar gawo da aduwa. Gidan da ke da shanu uku ko huɗu a turke, da ruwa kusa, zai iya zuba kashinsu a rufaffen rami ya sami iskar girki, abin da ya fito kuma taki ne mai kyau. Wannan na mazauna ne, mai tashi da garke ba zai amfana da shi ba. Don ajiyar tumatir da kuɓewa, ga dabarar Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa, wadda ta ba shi lambar yabo a 2000: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen tsumma a ajiye a inuwa. Faifan hasken rana ƙarami kuma ya isa ƙwai uku da cajin waya. A dai kula da batir, shi ne ke fara mutuwa, kada arha ta ruɗe mu.

Wata magana tilas a faɗe ta. Mutumin kambo da bai san ko za a tashe shi baɗi ba, ba zai zurfafa tushe ba, ba zai dasa bishiya ba. Muna roƙon hukumomi su tabbatar wa mazauna kanabi filayen zamansu, Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa kuma, wadda aka kafa a 1989, ta ware wa ƙauyuka wuraren dashe, ta hana toya gawayi a kan burtali da mashaya.

A namu ɓangaren, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane ƙauye ya zaɓi mata biyu su koyi ginin murhu su koyar, samari su yi gayyar zana da yaɓe, su fara da gidajen gwauraye da tsofaffi, kowane gida kuma ya dasa bishiya biyu a farkon damina ya yi musu shinge.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, Ya albarkaci gona da garke.